Sabuwar hanyar jirgi tana tafe a Train Sim World? Ga yadda ake cin moriyar kwanakin jira

Duk mai buga Train Sim World, wasan tuƙa jirgin ƙasa, ya san wannan ciwon, ranar da Dovetail Games, masu yin wasan, suka ce akwai sabuwar hanya a tafe shikenan mutum ya daina samun natsuwa, da asuba ya leƙa waya, bayan la'asar ya leƙa, ko an saka ranar fitowa ko an saki wani sabon hoto. Ni ma nan Garwa haka nake, kuma a cikinmu masu bugawa nan Arewa, daga Ngaundere har Marwa har Kusiri, maganar kenan da zarar an haɗu. Amma wlh abinda na lura shi ne yawancinmu muna ƙarar da kwanakin jiran nan a kallon hotuna kawai, ranar da hanyar ta fito sai mutum ya shiga ya wuce tasha ta farko da taragu biyu, ya taka danja a ta uku, wasa ya kore shi, ya ce ai hanyar ba ta da daɗi. Hanyar lafiyarta ƙalau ɗan uwa, shiri ne ba a yi ba. Musamman in hanyar ta jirgin je-ka-ka-dawo ce, wato jirgin da yake kwasar mutane daga unguwanni da garuruwan gefe ya kai su aiki cikin birni da safe ya dawo da su da yamma, don irin wannan hanya gaba ɗayanta tsayawa ce, gudu kaɗan ne a ciki.

Dole in ɗan tsaya a nan saboda mu jirgin da muka sani daban ne. Jirginmu shi ne na Ngaundere zuwa Yawunde, kilomita ɗari shida da 'yan kai, ka shiga da dare ka kwana a ciki, ya bi ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko gari ya waye maka a kudu. Dogon ya iso Ngaundere a 1974 kuma nan ya tsaya har yau, faɗinsa mita 1 ne, ba irin mai milimita 1435 da ake amfani da shi a Ingila da Jamus da Amurka ba. 'Yan uwanmu na Cadi kuwa babu dogo a ƙasar ma baki ɗaya, wani abokina ɗan Njamena a cikin wasan nan ya fara ganin yadda ɗakin direba yake. To mu tunaninmu jirgi abu ne mai tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Na je-ka-ka-dawo kuwa duk minti biyu ko uku akwai tasha, ka tsaya daidai wurin da aka ce, ka buɗe ƙofa, ka rufe, ka tashi a kan minti, akwai wani jirgin a gabanka akwai wani a bayanka. In kana son misali a nahiyarmu ka dubi TER na Dakar da aka buɗe a Disamba 2021 daga Dakar zuwa Diamniadio, kilomita 36, ko Blue Line na Legas da ya fara ɗaukar mutane a 2023. Irin wannan aikin ne za a ba ka.

Abu na farko, ka san me ake shirin sayar maka. Dovetail suna fitar da bayanin abubuwan da suke aiki a kai lokaci-lokaci, kuma kafin hanya ta fito sukan nuna ta kai tsaye a YouTube suna tuƙawa. Kar ka kalli wannan bidiyon kamar fim, ka kalle shi da biro a hannu. Daga ina zuwa ina hanyar ta tsaya? Don sau da yawa ba dukan layin gaske ake ginawa ba, yanki ake yankowa. Tasha nawa ce, wane jirgi ne ya zo da ita, jadawalin yana da cika ko fayau yake, kuma wa ya gina, su Dovetail ɗin ne ko su Rivet Games ko Just Trains, don kowa da hannunsa. Sai babbar tambaya da sababbi suke mantawa, wato jiragen da ake aro daga wasu hanyoyi. A wasan nan in kana da wata tsohuwar hanya jiragenta sukan bayyana a sabuwar su ƙara maka tafiye-tafiye, misali a hanyar London zuwa Brighton da ta fito 2021, wanda yake da hanyar Great Western Express zai ga jirgin Class 166 yana shigowa wajen tashar Redhill, wanda ba shi da ita ba zai gani ba. Kaga kenan cikar tashar da ka gani a bidiyo ba lallai ita za ka samu a naka ordinatar ba, su masu nunawa komai suna da shi. Ka rubuta waɗanda kake da su da waɗanda babu tun yanzu.

Maganar kuɗi ba sai na ja ba. Hanya ɗaya takan kama yuro 30 zuwa 36, yuro ɗaya kuma sefa 655 ne da 'yan kai ba ya motsi, kaga kenan jaka ashirin zuwa ashirin da huɗu, ba ƙaramin kuɗi bane a wurinmu. Ka fara ajiya daga ranar sanarwa, kuma ka gwada katinka tun da wuri ka tabbatar yana wucewa a Steam, wato shagon intanet da ake sayen wasannin ordinatar, in baya wucewa ka nemi katin kyauta na Steam wajen wanda ka yarda da shi. Tsofaffin hanyoyin da kake so don aron jirage kuwa kar ka saye su da cikakken farashi, ka jira ragin ƙarshen watan Yuni ko na ƙarshen Disamba, suna faɗuwa sosai.

Sai na'ura. Wasan nan ba na waya bane, sai ordinatar ko PlayStation ko Xbox, kuma a ordinatar RAM giga 8 shi ne ƙasa, da katin hoto nasa na kansa, wanda yake haɗe da uwar na'ura zai wahalar da kai. Hanyar je-ka-ka-dawo ta fi sauran nauyi don cikin gari take bi, gidaje, gadoji, fasinjoji cike da dandamali, jirage biyar shida a babbar tasha lokaci ɗaya, in na'urarka tana numfashi da ƙyar a hanyar ƙauye to a nan za ta riƙa tsinkewa. Ka gwada da hanya mafi cika da kake da ita, ka tsaya a babbar tasha da ƙarfe takwas na safen wasan, ka rage inuwa da nisan gani har hoton ya daina rawa, ka bar saitin a haka. Kuma dan Allah a buɗe na'ura a hure ƙura, bayan hunturu fankar kowa cike take da ƙurar buji, ga zafin Maris da Afrilu da yake haura 40 a Garwa, na'ura mai zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ni a kan bulo biyu nake ɗora tawa iska ta riƙa bi ta ƙasa, kuma ba na buga mai nauyi sai bayan isha'i.

Data ma a shirya mata. Hanya giga ce da yawa, kuma sau da yawa tana zuwa tare da sabunta wasan kansa wanda shi ma nasa nauyin daban, don haka ka share wuri a faifai, ka sabunta wasan tun kafin ranar, ka sayi forfe na dare in layinka yana da shi. Steam yana da wurin da za ka ce kar ya sabunta komai sai tsakanin ƙarfe kaza da kaza, ka saita shi, in ba haka ba da rana tsaka zai shanye maka data kana can kasuwa. Abu mai daɗi shi ne in reso ya yanke ko aka ɗauke kuran yana ci gaba daga inda ya tsaya.

To yanzu ga ainihin abinda ya sa na zauna rubutun nan. Direban gaske ba a ba shi jirgi a sabon layi sai ya koyi layin, ya hau gaba tare da wani direban sau da yawa har ya haddace kowace kwana da kowace danja. Kai ma ka yi haka, kuma ba sai hanyar ta fito ba tunda layin yana nan a duniya. Ka samu takarda babba, irin ta tsakiyar littafin makaranta, ka ja layi ka jera tashoshi daga farko zuwa ƙarshe. Ka buɗe OpenRailwayMap, shafin taswirar dogo ne a intanet, akwai wurin da yake nuna iyakar gudu na kowane yanki da launi, ka rubuta su a gefen layinka. Sannan ka shiga YouTube ka nemi bidiyon da aka ɗauka daga ɗakin direba na wannan layin, kusan kowane sanannen layi yana da shi, ka sauke shi da ƙaramin inganci da dare, 360 ma ya isa, ka riƙa kallo kana alama a takarda: nan akwai gada kafin tasha, nan rami ne, nan tashar tana ɓoye bayan kwana ba ka ganinta sai ka zo kai, nan gangara ce. Ka saurari ƙarar injin ma, za ka ji inda direban ya saki totur da inda ya fara birki. Wallahi kallo uku na irin wannan ya fi maka kallon tallan hanyar sau hamsin. Kamar ɗan moto ne da ya san duk ramukan da ke tsakanin babbar kasuwa da gadar Binuwai, tun kafin ya iso ramin hannunsa ya riga ya sassauta.

Ka kula da awo kuma, mu kilomita muka saba, Ingila da Amurka mil suke. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato allo mai 60 kusan 97 kenan a namu, mai 90 kusan 145. Wasan yana barin ka sauya awo amma shawarata ka bar shi a na ƙasar, don allunan gefen dogo da agogon gudu na cikin jirgi ba za su sauya ba, kanka ne kawai zai rikice.

Daga nan sai na'urorin tsaro, kuma nan ne ake gane wanda ya shirya. Wasan yana barinsu a kashe, sai kai ka kunna, shi ya sa wasu suke shekara suna bugawa ba su taɓa jin ƙararsu ba, alhali su ne rabin daɗin. Ka duba ƙasar da sabuwar hanyar take ka koyi nata tun yanzu a wata tsohuwar hanya.

In Ingila ce, danjarsu alama huɗu take nunawa a layuka masu cika: kore, ɗorawa biyu, ɗorawa ɗaya, ja. Ɗorawa biyu tana cewa ta gaba ɗorawa ɗaya ce, ɗorawa ɗaya tana cewa ta gaba ja ce, kaga tun daga nesa ake maka gargaɗi. Kusan mita 180 kafin kowace danja akwai maganaɗisu a tsakiyar dogo, shi ne AWS, in danjar kore ce ƙararrawa za ka ji ka wuce abinka, in ba kore bace sai ƙaho ya tashi kuma kana da kamar daƙiƙa biyu ka danna Q a allon rubutu, ka makara jirgi ya taka birkin gaggawa da kansa. Hatsarin shi ne hannu yana sabawa, a lokacin cunkoson safe kana bin wani jirgi a baya ɗorawa bayan ɗorawa kana ta danna Q ba tunani, sai wadda ka danna ta ƙarshe ashe ja ce. Ni abinda nake yi duk sanda na danna sai na faɗi kalar da baki, ɗorawa ɗaya, ja a gaba, yaran gida har sun haddace suna tayani.

In Jamus ce to sai ka ƙara zama, don na'urar tsaronsu, PZB, ba ta wasa. Maganaɗisu uku ne da ake kira da lamba, na 1000 yana wajen danjar gargaɗi wadda yawanci take kusan mita 1000 kafin babbar danja, na 500 yana kusan mita 250 kafin babbar, na 2000 yana jikinta. Ka wuce gargaɗi sai ka amsa cikin daƙiƙa 4, a allon rubutu Page Down ne, kuma babu ƙahon da zai tuna maka, idonka ne kawai. Amsawa kaɗai ba ta isa ba, a jirgin fasinja mai saitin O dole gudunka ya sauko ƙasa da kilomita 85 a awa cikin daƙiƙa 23, in ka iso na 500 yana aiki ka kasance ƙasa da 65 kuma ka ci gaba da sauka zuwa 45. Abinda yake kama mutane a hanyar je-ka-ka-dawo shi ne ka tsaya a tasha kana ƙarƙashin wannan sa ido, ka ɗauki fasinja, danja ta koma kore, ka manta ka ja totur, alhali na'urar ta riga ta matse ka a 45 ko ma 25, sai ka ji birki ya kama. Ka kalli fitilun gabanka kafin ka tashi, in suna ƙyaftawa bi a hankali har su saki. Ga kuma Sifa da take son ka taɓa ta duk daƙiƙa 30 don ta san ba ka yi barci ba. Hanyar Dresden zuwa Riesa wuri ne mai kyau na koyon wannan. Na Amurka kuwa, kamar Boston zuwa Providence, danjar tana cikin ɗakin direba ne a gabanka, lamba ta sauka ƙara ta tashi, ka amsa ka taka birki nan take har ka sauko.

Sai birki, wanda shi ne sana'ar gaba ɗaya. Jirgi ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba ya kama ƙasa kamar taya. Ka ɗauka birki mai laushi irin wanda fasinja ba zai faɗi ba yana rage rabin mita a daƙiƙa duk daƙiƙa, to daga gudun kilomita 50 a awa kana buƙatar kusan mita 190 ka tsaya, daga 100 kuwa kusan mita 770, gudu ya ninka biyu nisa ya ninka huɗu. Wannan lissafin kaɗai in ya zauna maka a kai ka rage rabin kuskure. Yadda nake atisaye shi ne in ɗauki hanya mai tashoshi kusa-kusa, Cathcart Circle ta Glasgow ko Birmingham Cross-City, in zaɓi jirgin da yake tsayawa ko'ina, in sa wa kaina doka: birki ɗaya mai ƙarfi da wuri, sannan sassautawa a hankali, ba taka-saki taka-saki ba. A Class 377 hannu ɗaya ne yake totur da birki, matakin birki uku sai na gaggawa, to ka fara da mataki na biyu, ka shiga bakin dandamali da kamar mil 25 zuwa 30 in dandamalin dogo ne, ka koma na ɗaya kana matsowa, na uku ka ajiye shi don gyara kuskure kawai. Gab da tsayawa ka kasance a mataki mafi laushi don kar mutane su yi gaba. Kuma ka san tsawon jirginka, a Ingila alluna ne masu lamba 4, 8, 12 a dandamali, ka tsaya a lambar taragunka, a Jamus allo ne mai harafin H. In ka fara gwanancewa sai ka sa ruwan sama, dogo ya jiƙe, ka ga yadda nisan yake ƙaruwa, daga nan ka kashe alamun taimako na kan allo ɗaya bayan ɗaya har ya rage daga kai sai takardarka. In jirgin sabuwar hanyar yana da ɗan uwa a cikin waɗanda kake da su to da shi za ka yi atisayen, in babu ka je Training Center, filin koyo na cikin wasan, ka yi ta zagaye.

Wani ƙanena da nake koya wa, sati biyu na hana shi taɓa jirgi mai gudu, tsayawa kawai, tasha ashirin kullum in akwai kuran. Ya ji haushi da farko amma yanzu yana ajiye taragu takwas cikin mita ɗaya ko biyu da allo, kuma shi da kansa yake cewa yaya ashe nan daɗin yake.

Ranar fitowa kuma kar ka yi gaggawa. Ka bari awa 'yan kaɗan ko kwana ɗaya ka ga abinda waɗanda suka saya suke nunawa, sabon abu yakan zo da 'yan gyare-gyare daga baya, kuma gara ka sauke sau ɗaya da ka sauke sau biyu. In ka saya a Steam ka riƙe wannan: ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar ba ka buga wasan ya kai awa 2 ba tun daga sayen, to awa ɗayan farko ka yi shi a gwaji, ka je tasha mafi cika ka ga ko na'urarka ta ɗauka. In ta ɗauka sai ka yi darasin jirgin, ka danna 9 taswirar wasan ta fito ka gwada ta da takardarka ka gyara inda suka saba, sannan ka zaɓi tafiya ta tsakar rana ko ta dare lokacin da layi ba cunkoso, mai tsayawa kowace tasha, da na'urorin tsaro a kunne tun daga farko. Na ƙarfe bakwai da rabi na safe ka bar shi sai ka yi layin sau uku ko huɗu kowane ɓangare. Kuma tunda mun san halin kuran a nan, ka zaɓi tafiyar da ba ta wuce minti arba'in ba, ka cika batir ko ka haɗa ondila, kuma duk babbar tasha in ka tsaya ka buɗe ƙofa ka yi ajiyar wasan kafin ka rufe, ni an taɓa ɗauke min wuta saura tasha biyu in shiga Brighton bayan awa guda ina kan minti, tun daga ranar a East Croydon nake ajiya ta farko, ta biyu a Gatwick, ta uku a Haywards Heath.